Ƙofar Tiredar Ilu

Dalilin da ya sa kuke ganin ƙofar tireda tana ɗagawa sama a tokare ta da sanda, Ilu ne ya jawo. Ku gyara zama ku ji.

A da, gefe take buɗewa kamar ƙofar ɗakin kowa. Shi kuwa Ilu mutum ne mai gaggawa, ko gaisuwa a guje yake yinta. Tiredarsa tana wani matsattsen lungu a kasuwa, Tasalla mai koko a dama, Mati wanzami a hagu.

Wata safiya ya banko ƙofa, ta kwashe tukunyar Tasalla, koko ya malale har kwata.

"Ilu, idonka a ƙeya yake?" in ji Tasalla.

Ya ba ta haƙuri, ya kira Sallau kafinta ya juya ƙofar zuwa hagu. Washegari ta daki hannun Mati yana tsakiyar gyara wa Sarkin Kasuwa gashin baki. Rabi ya tafi, rabi ya tsaya.

Sarkin Kasuwa ya dafe leɓe ya ce, "Ƙofar nan ta ƙara taɓa dama ko hagu, ka kwashe komatsanka ka bar min kasuwa."

Hankalin Ilu ya tashi, don da tiredar nan yake ciyar da gidansa. Ya koma wurin kafinta. "Baba Sallau, a mayar da ita ciki."

"Ciki ina? Sabulu da ashana har rufi." Tsohon ya ɗaga kai. "Sama fa, wa ke sana'a a can?"

"Babu kowa sai shirwa."

Aka kafe ƙofar daga sama, aka tokare ta. Ilu ya yi ta murna ya tsira.

Da hantsi ya dubi ludayi, sai ga inuwa lafiyayya a ƙarƙashin ƙofar. Tasalla ta jawo tukunya, Mati ya jawo tabarma.

"Ku tashi, inuwata ce!" in ji Ilu.

"Ƙofar ce taka," in ji Tasalla, "ƙasar ta kasuwa ce."

Ilu ya fito a fusace zai kai ƙara. Wa zai gani a kan tabarmar Mati? Sarkin Kasuwa, ya miƙe ƙafa, ana aske masa ɗaya rabin.

Shi ya sa har yau ƙofar tireda sama take kallo, kuma ba a rasa 'yan shan inuwa a ƙarƙashinta, ko ashana ba sa saye. Mai tiredar kuwa yana ciki yana sharce gumi.