Tukwanen da Suka Ƙi Tafasa

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, a ƙasar Wamanka wadda ke bisa duwatsu masu goga kai da gajimare, aka wayi gari babu tukunyar da ke tafasa. Wuta na ci, itace na ƙarewa, amma masara da dankali na kwance cikin ruwa kamar tsakuwa. Kwana arba'in ke nan da rasuwar Illari, maginiyar tukwanen fada, kuma 'yarta Sisa ce ta gaje ta.

Sarki Rumi ya sa aka gurfanar da Sisa, ya ce, "'Yar Illari, tun ranar da tukwanenki suka shigo gidan nan jama'ata ke cin ɗanye. Na ba ki kwana uku. In ruwa bai tafasa ba, a jefo ki daga ƙoƙuwar dutse."

Sisa ta ce, "Ranka ya daɗe, yumɓun uwata ne, jar ƙasarta ce, zanenta ne."

Ta koma gida da rana tsaka, ta ɗora tukunya guda, ta zauna tana hawaye. Sai murya ta fito daga ciki: "Yarinya, buɗe mana ƙofa."

Sisa ta zube da baya.

Muryar ta ci gaba: "Mu ne aljanun tururi. Duk jan layin da uwarki ta kewaya wuyan tukunya da shi, takan bar gurbi kamar faɗin farce, ta nan muke shiga da fita. Ke kin haɗe shi, kin kulle mu. Danginmu suka fusata, suka janye daga kowane murhu."

Sisa ta dafe ƙirji. Ashe gurbin nan ne take jin kunyarsa shekara da shekaru. Har ta taɓa cewa, "Inna, hannunki ya fara rawa, kawo in gyara." Tsohuwar ta yi murmushi kawai, ta janye tukunyar.

Sisa ta ɗauki tsinin ƙashi ta kankare layin, ta buɗe gurbi. Nan take ruwa ya yi ƙara, murfi ya hau rawa. Ta bi tukwanen fada ɗaya bayan ɗaya, kafin kwana na uku hayaƙin girki ya rufe ƙasar.

Sarki ya yafe mata, ya aura mata ɗansa Kuntur. Ranar biki ana ta kiɗa, ita kuwa gafarar uwarta take nema a zuci.

Ku taya ta: Allah Ya jiƙan iyayen da muka yi wa gyara cikin rashin sani. Amin.