Kibiya Mai Jan Zare

An yi wani sarki a Birnin Marke, tun zamanin da daji yake daf da ganuwa har ana jin kukan kura daga bakin kasuwa, sunansa Barmo. Ba azzalumi ba ne irin azzaluman da aka saba gani, domin bai taɓa ƙwace gonar talaka ba, bai kuma taɓa tanƙwara hannun alƙali ba. Aibinsa guda ne, yana son a ce ya iya abin da bai iya ba. Abin da ya ƙwallafa wa rai kuwa shi ne harbin barewa da baka. Saboda haka aka ɗaure masa ɗan gado na itace tsakanin rassan wata tsohuwar tsamiya a bakin tafki, inda namun daji suke zuwa shan ruwa da rani. Da la'asar sai ya hau ya yi dako, fadawa kuma su laɓe can nesa bayan sabara suna jiran lokacin kirari.

Dako yana da ƙa'idarsa wadda maharba ba sa wasa da ita: wanda ya hau bishiya ba ya magana, ba ya tari, ko ƙuda ba ya korewa, har sai kibiya ta tashi. Sarki Barmo ya riƙe wannan ƙa'ida fiye da maharban da suka kafa ta, har ya taɓa tuɓe rawanin wani hakimi saboda atishawa guda da ta kori garken barewa.

Mutum biyu ne suke hawa tare da shi. Na farko Tunau, Sarkin Baka, wanda yake zama a reshen da ke sama da gadon, wai don ya riƙe wa sarki kwari, ya kuma tsare shi daga damisa. Gaskiyar magana kuwa, wadda kowa a fada ya sani kuma ba wanda ya taɓa furtawa, ita ce sarki ko rumbu aka kafa masa sai ya kuskure shi. Da zarar tsirkiyar sarki ta yi ƙara, sai Tunau ya saki tasa kibiyar a daidai wannan numfashin, kibiyar da ya zaro daga kwarin sarki, mai jan zare naɗe a gindinta, alamar da ba wanda yake sa wa kibiyarsa sai sarki. Ta sarki ta faɗa cikin laka, ta Tunau ta sami barewa a haƙarƙari, fadawa su ɓarke da kirari. A al'adar maharba kuwa, nama na mai alamar kibiya ne. Da haka ƙahonin barewa da na gwanki suka cika bangon zauren sarki, baƙi suna zuwa suna jinjina kai.

Na biyu shi ne Waziri Ɗayyabu, malami mai zurfin karatu da taushin lafazi, wanda suka tashi unguwa ɗaya da Tunau tun suna yara. Shi bai taɓa jan baka ba, sarki yana ɗaukarsa ne kawai don ya zama shaida. Amma a hankali ya zo yana son zaman nan fiye da zaman majalisa, domin a kan tsamiya ba wanda yake neman ya yi masa ƙarya da baki. Yakan zuba ido ya ga zabin daji sun fito a jere suna leƙe-leƙe, mugun dawa ya durƙusa a kan gwiwoyinsa yana tonon saiwa, zalɓe ya tsaya a ruwa kamar an dasa shi, sannan can da rana ta yi sanyi barewa su ɓullo suna kaɗa kunnuwa. Yakan ji tausayinsu, yakan kuma yi shiru, don shiru shi ne aikinsa a wurin.

Wata la'asar aka daɗe ana dako ba abin da ya fito, ran sarki ya soma ɓaci. Can sai gamba ta motsa a gefen tafki, wani abu mai launin ƙasa yana sunkuye a ciki. Sarki ya ɗaga baka. Daga inda Waziri yake zaune, ta ƙarƙashin ganye, ya ga wani abu ya yi walƙiya a cikin ciyawar, zuciyarsa ta ce masa lauje ne. Ya buɗe baki. Sai ya tuna da rawanin hakimin nan, ya ce a ransa in fa barewa ce ya kora ya shiga uku, ya mayar da bakinsa ya rufe. Tsirkiya ta yi ƙara sau ɗaya. Tunau bai harba ba, domin bai ga abin da ake harbi ba, shi kuwa ba ya sakin kibiya a kan motsin ciyawa.

Ikon Allah, kibiyar da ta shekara da shekaru tana faɗawa laka, ranar ta sami abin da aka nufa. Fadawa suka taso da gudu suna kirarin sarki mai harbi ba kuskure, suka kutsa cikin gamba don su ɗauko nama, sai suka tarar da wani talaka mai suna Nomau, sanye da warki, lauje a hannunsa, ya zo yankan ciyawar jakinsa. Kibiya mai jan zare tana wuyansa, dafi kuma ya riga ya gama aikinsa. Kafin a kai gawar ƙofar gari, bakunan da suka yi kirari sun juya, sun ce ai Tunau ne hannunsa ya yi masa ƙaiƙayi ya riga sarki saki. Dogarai suka kama shi, suka ɗaure hannayensa ta baya da ɗanyen kiri, wato igiyar fata, suka jefa shi kurkuku.

Dokar ƙasar kuwa ta ce maharbin da ya saki kibiya bai ga abin da yake harbi ba, har ya kashe mutum, ransa yana hannun dangin mamaci, in sun so su yafe, in sun so a kashe shi. Ƙanen Nomau, wani mai suna Cindo, ya tsaya a ƙofar fada ya rantse ba zai yafe ba.

Washegari sarki ya zauna a majalisa, idanunsa sun nuna bai sami sukuni ba. Yana son a wanke shi, amma yana son wankin ya fito daga bakin da jama'a suka yarda da shi. Ya dubi Waziri ya ce:

“Waziri, ga mas'ala ta zo mana. Kibiya guda ta fito daga bishiya guda, a kan bishiyar akwai baka biyu. Zaren da ke jikinta nawa ne, amma kwarin da ta fito yana hannun wani. Kai ne na uku a kan tsamiya, kai ne kuma ma'abocin ilimi a cikinmu. Faɗa mana kibiyar wa ce, abin da ka faɗa shi za a zartar.”

Waziri ya san amsa, kamar yadda ya san sunansa. Amma ya dubi fuskar sarki, ya dubi takubban dogarai, sai ya sunkuyar da kai ya ce, Allah ya ba sarki nasara, mas'alar jini ba a yi mata gaggawa, a ba shi lokaci ya yi nazari. Majalisa ta yaba da natsuwarsa. Ni kuwa mai ba da wannan labari ban ga natsuwa a nan ba, tsoro na gani an naɗa masa rawani.

Ya koma gida ya baje littattafai, ba don neman hukunci ba, sai don neman lafazin da zai kuɓutar da abokinsa ba tare da ya taɓa wuyansa shi kansa ba. Ya tsara jawabi ya warware, ya sake tsarawa, kwanaki suna ta wucewa. Matar Tunau ta zo ta durƙusa a zaurensa, ta ce an hana ta ganin mijinta, ta ji kuma ana cewa ba a kwance masa ɗauri ba. Waziri ya ce mata ta yi haƙuri, yana nan yana ƙoƙari. Bai je kurkukun ba, domin yana jin kunyar idon Tunau.

Da abin ya ishe shi, wata la'asar ya fita shi kaɗai ya hau tsamiyar nan. Barewa suka zo kamar ba abin da ya faru. Suna cikin sha sai wata tsohuwa daga cikinsu ta ɗaga kai, ta ji wani wari da ba ta gane ba. Ba ta jira ta tabbatar ba, ba ta damu da cewa ƙararta za ta nuna inda take ba. Ta buga ƙafa a ƙasa, ta yi huci, garken duka ya watse. Ba kome ba ne ma, dila ne ya wuce. Waziri ya zauna yana kallon inda suka bi, kunya ta rufe shi har hawaye suka zubo masa, ya sauko ya nufi gari.

Da safe ya tsaya gaban majalisa, ya bar duk jawabin da ya tsara a gida, ya ce:

“Allah ya ja zamanin sarki. An tambaye ni shaida, zan ba da ita, in ta yi ɗaci a gafarce ni. Shekara da shekaru muna jin tsirkiya biyu a kan tsamiyar nan muna cewa ɗaya muka ji. Rana guda ce tak tsirkiya ɗaya ta yi ƙara, ita ce kuma ranar da muka ce biyu ne. Al'adar maharba ta ce abin da kibiya ta samu na mai alamarta ne, da wannan al'ada aka cika zauren sarki da ƙahoni. To, in jan zare shi ne shaida, ƙahonin na sarki ne, jinin Nomau ma na sarki ne. In kuwa hannun da ya saki kibiya shi ne shaida, ƙahonin na Tunau ne, jinin dai yana nan a wuyan sarki. Na duba ta kowace fuska, ranka ya daɗe, ban sami hanyar da jinin nan zai bi ya isa gidan Tunau ba.”

Fadawa kowa ya sami abin kallo a kan tabarma. Fuskar sarki ta sauya. Amma na faɗa tun farko ba azzalumi ba ne, mai son yabo ne kawai. Ya ce ya daɗe da sanin ƙarar tsirkiya ta biyu, yana toshe kunnensa ne don daɗin kirari. Ya sauko daga karaga, ya sa aka kira Cindo, ya tsaya a gabansa ya ce shi ne ya kashe ɗan'uwansa, ransa kuma yana hannunsa kamar yadda doka ta ce. Cindo, wanda ya rantse sai ya ga jinin Tunau, ya faɗi ƙasa, ya yafe tun sarki bai rufe baki ba. Aka yi kabbara, aka ce ba a taɓa ganin adalci irin wannan ba, ba kuwa wanda ya tambayi Cindo ko yafewar ta kai zuciyarsa.

Sarki ya ɗauki nauyin iyalin Nomau. Ya umarta a kwashe ƙahonin zaure a kai gidan mai su. Ya cire alkyabbarsa ya yafa wa Waziri, ya ce daga yau ba za a yanke hukunci a ƙasar ba sai an ji ta bakinsa, domin sarkin da yake da mai faɗa masa gaskiya irin wannan ya fi mai rundunar mayaƙa. Sannan ya ce a kawo Tunau a kwance shi a gaban jama'a.

Aka kawo shi. Ɗanyen kiri kuwa in ya bushe tsukewa yake yi, kuma tun ranar da aka ɗaure shi ba wanda ya ba da umarnin a sassauta, kowa yana jiran Waziri ya gama nazari. Sai da aka sa wuƙa aka yanke kirin daga cikin nama. Yatsun Tunau sun yi baƙi sun ƙandare, wanzamin fada ya duba ya girgiza kai, ya ce waɗannan ba za su ƙara riƙe ko ludayi ba, balle baka.

Waziri ya matso cikin sabuwar alkyabbarsa, ya ce, “Tunau, Allah ya kuɓutar da kai.”

Tunau ya dube shi, ya dubi alkyabbar, ya ce a hankali, “Na gode, Waziri, an ce ka yi magana mai hikima. Amma Ɗayyabu, amsar nan tun muna kan tsamiya ka san ta. Me ya tsare ta a hanya?”

Waziri ya juya ya fita daga majalisa. Ya bi bayan masu ɗauke da ƙahoni har ƙofar gidan Tunau, ya ga an jibge su a tsakar gida, matar tana ba mijinta ruwa a baki. Ya rayu bayan haka shekaru masu yawa ana kiransa Waziri mai gaskiya, kuma duk lokacin da aka kira shi haka sai ya ji kamar an zage shi, don shi kaɗai ya san walƙiyar laujen da ya gani, bai kuwa taɓa faɗa wa kowa ba. Bai sake hawa tsamiyar nan ba, alkyabbar ma sau ɗaya ya sa ta.

Masu hankali su lura: gaskiya tana da lokacinta kamar yadda salla take da nata, kuma adalcin da ya tsaya gyara lafazi don kada ran mai mulki ya ɓaci, in ya iso sai a ba shi tukwici, amma wanda aka zalunta shi ne ya biya jinkirin da hannayensa.