Gizo da Ciyawa Cinye-duka

Ga ta nan ga ta nanku, har da mai gyangyaɗin can!

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Gizo ne da matarsa Ƙoƙi suke da tafki a bayan gida, cike da tarwaɗa. Shi ne cinsu, shi ne shansu.

Ran nan Shamuwa ta dawo daga yawon duniya, wata ciyawar ruwa maƙale a ƙafarta, fure shuɗi gwanin sha'awa. Gizo ya haɗiye yawu, ya ce da tsamin bakin nan nasa, "Kai! Yaya sunan amayya?"

Shamuwa ta ce, "A garinsu Cinye-duka suke ce mata, saboda..."

"Ya isa! Tsabay daɗi ya sa ake cinye duka!" Ya fizge, ya ruga, ya jefa ta a tafki.

Ƙoƙi ta ce, "Malam, ai ana tambayar baƙo daga ina yake. Kai ma sai da aka binciki asalinka kafin a ba ka ni."

"To ba ga shi an ba ni ba?"

"Shi ya sa na ce a riƙa tsananta bincike."

Kafin wata ya mutu, ciyawa ta rufe tafki ruf, ko wurin tsoma ƙwarya babu. Gizo ya tsinki ganye ya tauna. Wayyo! Ƙaiƙayi har maƙogwaro. Tarwaɗa kuwa suka fara tasowa ciki sama. Ƙoƙi ta zauna ta yi kuka, don ta ga yunwa a bakin ƙofa.

Gizo ya kawo lauje ya daddatsa ciyawa. Kowane guntu ya tsiro, ɗaya ta zama goma. Ya cinna mata wuta. Ta ƙi ci, gemunsa ne ya babbake. Ya gayyato Akuya walima. Akuya ta shinshina ta ce, "Azumi nake yi."

Dole ya koma wurin Shamuwa, hula a hannu, Ƙoƙi na biye da shi. Shamuwa ta ce, "Yanzu ka iya sauraro? Ba ita ake cinyewa ba, ita ke cinye tafki. A garinsu kogi ke gudu da ita, Dorina na kiwonta. Kana da kogi?"

"A'a."

"Dorina fa?"

"Sai dai Ƙoƙi."

Ƙoƙi ta maka masa muciya.

Shamuwa ta ce, "Ba a saranta. Tsamo ta ake yi da saiwa kafin ta yi iri, a shanya a kan dutse."

Kwana arba'in Gizo yana cikin ruwa yana tsamo ta, Ƙoƙi na tsaye da muciya. Tafki ya buɗe, tarwaɗa uku kacal suka rage. Ƙafafun Gizo kuwa suka tsotse kamar tsinken tsintsiya, har yau haka suke.

To jikoki, duk tsiron da ba ku sani ba, ku tambayi daga ina ya fito da yadda yake yaɗuwa kafin ku ba shi masauki. In kuma kun tambaya, ku bari a gama ba ku amsa.

Kungurus kan kusu, mai sauran tambaya ya nemi Shamuwa.