Rubutun Bayan Babur Ɗin Gwadabe

Akwai wani ɗan acaɓa a Maruta, sunansa Gwadabe, da ba ya ɗaukar fasinja ya sauke bai ba shi labarin 'yarsa Sharifa ba. Shi bai yi boko ba, amma Sharifa tana aji uku, kuma duk darasin da aka yi sai ta dawo gida ta zubo shi tas.

Abin da bai sani ba, a ajinsu malama ce ke karantawa, yara su amsa baki ɗaya. Sharifa kuwa kunne gare ta. Sau ɗaya za ta ji, ta haddace, ta riƙe littafi tana bin layi da yatsa.

Ran nan a majalisa, maƙwabcinsa Hambali ya kawo takardar maganin feshi. Gwadabe ya washe baki, ya ƙwala wa Sharifa kira.

"Zo ki karanta wa babanki Hambali!"

Yarinya ta ƙura wa takarda ido. Ta kasa karanta ko kalma ɗaya. Sai hawaye. Wayyo, kunyar da Gwadabe ya ji ran nan ba ta faɗuwa.

Washegari ya goya ta sai asibitin Birnin Kudu. Aka ce idonta garau. Ya dawo ransa a ɓace, ya zarce makaranta.

"Malama, na zo cire ta. Shekara uku ashe wayo take mana."

Malama Ummussalma ta ce, "Zauna, Malam Gwadabe. Yarinyar da ta haddace littafi guda da kunne ai ba daƙiƙiya ba ce. Akwai yaran da ƙwaƙwalwarsu ke shan wuya kafin ta haɗa harafi da sautinsa. Disleksiya ake ce masa. Ba lalaci ba ne, ba kuma sammu ba. In aka bi su sauti-sauti, ƙwaƙwalwar na koyon hanya. Laifina ne da na bar ta ta ɓuya cikin amshi. Ka ba ni zango biyu."

Ya yi ƙwafa, amma ya bari.

Kullum bayan tashi, malama ta zuba yashi a faifai. Sharifa ta zana harafi da yatsa, tana faɗin sautinsa. Abu ya yi ta tafiyar hawainiya. Wani satin harafi biyu kacal. Gwadabe na jira bakin ƙofa, fasinja na wucewa, yana haɗiye haushi.

Wata Laraba, ya zo ɗaukarta, sai ta ƙi hawa. Ta tsuguna bayan babur, ta ɗora yatsa kan wani rubutu na jan fenti da ya soma koɗewa.

"Ba... ban... Sha... ri... fa."

Ta ɗago a firgice. "Baba! Sunana ne?"

"Tun ran sunanki na sa mai fenti ya rubuta," in ji shi. "Ni ban taɓa iya karanta shi ba. Ke nake jira."

Darasi: Yaron da karatu ke ba wuya ba daƙiƙi ba ne, hanyarsa ce daban. Kada mu yi saurin zagi ko cire shi daga makaranta. A nemi malamin da zai bi shi a hankali. Ku tura wa iyaye da malamai, wataƙila akwai wata Sharifa a gidansu.