Sanarwar Rasuwar Baɗi

Sunan tashar rediyon ya kwanta mini, haka ma garin. Ko Gusau ne ko Funtuwa, tsufa ya tafi da wannan. Amma ban manta Sallau ba, mai gabatar da shirin gaishe-gaishe da sanarwa.

Da wani kamfani ya sayi tashar, shugabansa Alhaji Mudi ya kira Sallau ofis.

"Za ka naɗe mana shirin shekara guda a faifai, yadda mai sauraro zai ɗauka kai tsaye kake magana. In ka gama sai mu sallame ka. In ka ƙi, yau za ka tafi."

"To, ranka ya daɗe. Da sanarwar rasuwa nake buɗe shirin. A ba ni sunayen waɗanda za su rasu baɗi."

"Haba Sallau! Wa ya san wannan in ba Allah ba?"

"Gaskiya ne. To bari in naɗi ta duk wanda na sani a ajiye, ranar da ta faɗo sai a saka. Kai ne babba, da taka zan fara. Ƙarfe nawa kake son jana'izar?"



Sallau ya ƙara da cewa, "Sai dai a ja wa mai saka faifai kunne. Yakan rikita su, ga ka da magada da yawa."

"Koma bakin aikinka."

Daga baya na tambayi mai saka faifan, ya tabbatar mini cewa da Alhaji Mudi ya rasu, Sallau ne ya karanta sanarwar, kai tsaye.