Gafiya da Kwaɗon Zogale

Goggo Mairo, ga ta nan, ga ta nanki. Tunda ƙasa ta rufe ki babu mai amsa mini, bari in amsa da kaina: ta zo mu ji ta.

Gafiya ce ta yi ƙiba har ramin mahaifiyarta ya ƙi ta, ga tsohuwar kwance a ciki ba lafiya, tana kiranta. Sai ta je wurin Kunkuru mai magani. Ya ce, "Ki bar gyaɗa, ki koma ganye."

Ta koma kwaɗon zogale, akushi guda a zama ɗaya, ƙuli-ƙuli har ya rufe ganyen. Da ta gwada ramin, ko kafaɗarta ba ta shiga ba.

Ta dawo tana huci. "Malam, ganye fa nake ci!"

Kunkuru ya leƙa akushin ya yi dariya. "Ke 'yar nan, wannan ai gyaɗa ce ta yafa zogale. Sha ruwa tukuna, ki zuba a 'yar ƙwarya mu ci tare. Loma ɗaya ni, loma ɗaya ke."

Kin dai san cin Kunkuru. Kafin ya haɗiye tasa, yunwar Gafiya ta gaji da jira ta kwanta. Kullum haka, tana zaginsa a zuci.

Ran nan ta sa kai a ramin, sai zuruf! Tsohuwar ta shafa fuskarta ta ce, "Kin zo?"

Ta ce, "Na zo, Inna, har da sauran wuri."

Ƙurunƙus, kan gafiya ya shige. Goggo, ban ba kowa wannan tatsuniyar ba tukuna.