Fitilar da Baba Ya Roƙa a Sa Ta Riƙa Ƙiftawa

Akwai wani injiniya da abokan aikinsa suke kira Farfesa, ba don ya taɓa koyar da kowa ba, sai don kafin ka rufe baki ya ce ya sani. Ya iya aiki, ba zan ci haƙƙinsa ba. Shi ke rubuta zuciyar manhajar da ke tafiyar da na'urorin kamfaninsu, can ciki inda ake ba kowane ƙarfe umarni.

Kamfanin yana adana wa mutane takardu da hotuna. A wani ɗaki mai sanyi faifan ajiya ne jere reras, kowanne da 'yar fitilarsa kamar kan ashana. Da aka kawo sababbin na'urori, Farfesa aka ba aikin tsara yadda manhajar za ta riƙa kunna fitilun. Ya tsara abinsa: faifai mai lafiya kore, wanda ya mutu ja.

Mai cire mataccen faifai ya sa sabo wani dattijo ne, Baba Mai Notuna. Shekara ashirin da biyu yana wannan aiki, da shi yake riƙe da gida mai mutum tara.

Wata rana ya sami Farfesa shi kaɗai, ya yi ƙasa da murya.

"Ɗana, asirina zan ba ka. Idona ba ya raba ja da kore, haka aka haife ni. Tsofaffin na'urorin fitilarsu ƙiftawa take yi, shi ya sa ba wanda ya taɓa ganewa. Don Allah ka sa ta mataccen ta riƙa ƙiftawa. In Manaja ya ji, kora ce."

Farfesa ya yi dariya, idonsa na kan allon kwamfuta.

"Haba Baba! Ja da kore fa, ko ɗan yaye ya san su. Tsarina a tsaftace yake, ba zan yi masa faci saboda mutum ɗaya ba. Bari mu ga sabon zubin manhajar da za mu fitar nan gaba."

Sau uku Baba yana dawowa, sau uku ana ce masa sabon zubi. Daga nan ya haƙura. In faifai ya mutu, sai ya ce da na kusa da shi ya manta tabarau, a nuna masa.

Ranar da abin zai faru, ƙararrawa ta ɗauka ana tsakar aiki. Faifai ɗaya ya mutu. Ita na'urar tana jure rashin ɗaya, amma in ta rasa biyu, komai ya tafi. Ba kowa a ɗakin sai Baba da Manaja, ga kuma tabarau a fuskar Baba.

"Baba me kake jira? Ga mai jan nan a gabanka, cire shi!"

Fitila goma sha biyu, duk launi ɗaya a idonsa. Ya bi inda yatsan Manaja ya nuna, ya yi bisimilla, ya zaro. Na kusa da mataccen ya zaro.

Takardun mutum ɗari huɗu suka salwanta.

A wurin taro Manaja ya buga tebur. "Fitila ja wur! Baba, makaho ne kai?"

Baba ya ɗago kai. Ya dubi Farfesa kawai, kallon mai neman ceto. Shi kuwa gogan ya sunkuyar da kai yana wasa da biro. Wallahi wannan shirun na Farfesa ya fi dariyar farko ƙona mini rai.

Aka sallami Baba a ranar.

Abin ya hana Farfesa sakat. Bayan mako biyu ya zauna ya gyara, fitilar mataccen faifai ta koma ƙiftawa. Ya je ya faɗa wa Manaja gaskiya duka. Manaja ya ce bakin alƙalami ya bushe, an riga an ɗauki wani, kuma mai irin wannan ido ba ya komawa ɗakin.

Farfesa ya nemi gidan Baba. Ya same shi zaune a ƙofar gida, ya rame, ya shimfiɗa kayan aikinsa a kan kwali yana jiran mai kawo gyaran rediyo. Tun safe ba wanda ya tsaya.

Farfesa ya durƙusa. "Baba, na gyara. Yanzu tana ƙiftawa. Ka yafe mini."

Baba ya dube shi.

"Na yafe, ɗana. Amma gaya mini, kwana nawa gyaran ya ɗauke ka?"

Farfesa ya ce, "Minti goma sha biyar."

Baba ya gyaɗa kai. Ya juya ya ce da matarsa, da ke leƙe ta bayan labule, ta kawo wa baƙo ruwa.

Darasi: In mai rauni ya tona maka asirinsa ya roƙe ka abin da bai fi ƙarfinka ba, yi masa a lokacin da ya roƙa. Minti goma sha biyar ɗinka na iya zama abincin gidan wani, kuma yafiya ba ta mayar da abin da ya riga ya zube. Ku tura wa duk mai tsara abin da wasu za su yi aiki da shi.